Marigayi Steve Biko: Daga Majalisar Ɗalibai Zuwa Kurkukun Pretoria

Ran Litinin, 12 ga watan Satumba na shekarar 1977, wani ɗaurarre mai shekara 30 da haihuwa ya cika a cikin wani ɗaki na kurkukun Pretoria, babban birnin Afirka ta Kudu. Sunansa Bantu Stephen Biko. Bai taɓa jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar dokokin ƙasarsa ba, domin doka ba ta ba baƙar fata wannan dama ba, kuma ko digirin da ya je nema jami'a bai samu ba. Muƙaman da aka fi saninsa da su duka biyu na ɗalibai ne, watau wakilci a majalisar ɗaliban makarantar koyon aikin likita, da shugabancin wata ƙungiyar ɗalibai wanda ya riƙe shekara ɗaya tak. Daga wannan ɗan fage, wanda manya ke ɗauka wasan yara ne, ya tayar da guguwar da gwamnatin Turawa 'yan tsiraru ta kasa kwantarwa.

An haife shi ran 18 ga watan Disamba, 1946, a garin Tarkastad da ke gabashin lardin Cape, ya kuma girma a unguwar Ginsberg, wurin da aka keɓe wa baƙar fata a gefen garin King William's Town, wanda yanzu ake kira Qonce. Shi ne na uku a wurin iyayensa. Mahaifinsa ɗan sanda ne da fari, daga baya ya koma aikin akawu, ya mutu a 1950. Mahaifiyarsa ce ta yi ta faɗi-tashi da su, tana aikatau a gidajen Turawa, sa'an nan ta zama kuku a asibitin garin. Saboda hazaƙarsa mutanen unguwa suka ɗauki nauyin kai shi Lovedale, wata tsohuwar makarantar mishan mai suna. Bai cika wata huɗu a can ba 'yan sanda suka kama wansa bisa zargin yana da hannu a reshen mayaƙa na jam'iyyar PAC, suka haɗa da shi. Ba a same shi da laifin komai ba, amma makarantar ta kore shi. A makarantar Katolika ta St Francis da ke Mariannhill, kusa da Durban, ya ƙarasa karatun sakandare a 1965.

A 1966 ya shiga sashen koyon aikin likita na Jami'ar Natal, wanda aka ware wa waɗanda ba Turawa ba. Masaukin ɗaliban wani tsohon barikin soja ne a unguwar Wentworth, gab da matatar mai. Kafin a fahimci abin da ya yi a nan, dole ne mai karatu ya san halin da ƙasar ke ciki. Ran 21 ga watan Maris, 1960, 'yan sanda sun harbe mutum 69 a Sharpeville, kana a watan da ya biyo baya aka haramta jam'iyyun ANC da PAC. A 1964 aka yanke wa Nelson Mandela da abokansa hukuncin ɗaurin rai da rai. Shugabannin da suka rage ko suna tsare, ko sun yi gudun hijira. Ta fuskar ilmi kuwa, wata doka ta 1959 ta rufe wa baƙar fata ƙofar jami'o'in Turawa sai da iznin minista, aka ware musu kwalejoji, kowace ƙabila da tata: Turfloop a arewa, Ngoye don Zulu, Fort Hare don Xhosa, wata a Bellville don 'yan ruwa biyu, wata kuma a Durban don Indiyawa. Saboda haka zaɓen majalisar wakilan ɗalibai ya zama ɗaya daga cikin 'yan wuraren da suka rage inda saurayi baƙar fata zai tsaya takara, ya nemi goyon baya, ya kawo ƙuduri, a yi muhawara, a ƙidaya hannuwa.

Biko bai daɗe da zuwa ba aka zaɓe shi cikin majalisar ɗaliban makarantarsa. Majalisar kuwa tana ƙarƙashin NUSAS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa wadda aka kafa tun 1924. Ba za a ce NUSAS 'yar amshin shatan gwamnati ba ce. Tana ƙyamar wariyar launin fata a fili, ƙofarta a buɗe take ga kowa, har ma ita ce ta gayyato Sanata Robert Kennedy na Amurka a watan Yuni na 1966, gwamnati kuma ta sa wa shugabanta Ian Robertson takunkumi kafin baƙon ya iso. Sai dai yawancin 'ya'yanta da kuɗinta da shugabanninta daga jami'o'in Turawa masu jin Ingilishi suke, watau Cape Town da Witwatersrand da Natal da Rhodes, alhali hukumomin kwalejojin baƙar fata suna hana majalisun ɗalibansu shiga cikinta. Da fari Biko yana cikin masu kare ta, yana jayayya da abokansa da ke ganin zama da Turawa ɓata lokaci ne.

Abin da ya sauya masa ra'ayi ya faru ne a watan Yuli na 1967, a babban taron NUSAS da aka yi a Jami'ar Rhodes da ke Grahamstown. Da wakilai suka hallara sai aka tarar hukumar jami'ar, bisa bin dokar gwamnati, ba za ta sauki baƙar fata a ɗakunan kwananta ba. Turawa suka shiga ɗakuna, su kuwa aka nuna musu wani coci a unguwar baƙar fata. Shugabannin taron suka kawo ƙudurin yin Allah wadai da hukumar jami'ar, suna nufin a wuce ga sauran ajanda. Biko ya miƙe ya nemi a dakatar da taron ɗungurungum har sai an sami wurin da kowa zai kwana tare. Aka jefa ƙuri'a, aka ka da shi.

Kwana a coci ba baƙon abu ba ne ga wanda ya tashi a Ginsberg. Abin da ya tsaya masa a rai lissafi ne. Ya ga cewa a cikin ƙungiyar da masu rinjaye ba su ne masu shan wuya ba, iyakar abin da za a samu shi ne ƙudurin nuna ɓacin rai, sa'an nan kowa ya koma gadonsa. Ya kuma lura da wani abu da ya fi wannan ciwo: a zauren muhawara ɗaliban Turawa, da yake Ingilishi harshensu ne kuma sun fito daga makarantu masu kyau, su ke tsara magana, su ke rubuta ƙuduri, ɗalibi baƙar fata kuwa yana zaune yana sauraron ana bayyana masa ciwon da ke jikinsa.

Bai yi gaggawar ficewa ba. Shekara guda ya yi yana tuntuɓar mutane. A watan Yuli na 1968 wata ƙungiyar ɗalibai Kirista mai suna UCM, wadda ke da baƙar fata da yawa, ta yi taro a Stutterheim. Akwai dokar da ta hana baƙar fata wuce awa 72 a yankin Turawa ba tare da takarda ba, sai aka shiga shawarar yadda za a yi da ita. Biko ya nemi waɗanda dokar ta shafa su keɓe su tattauna su kaɗai. A wannan keɓewa aka amince a kira taro na musamman. A watan Disamba na shekarar wakilan majalisun ɗalibai suka haɗu a tsohuwar makarantarsa ta Mariannhill suka tsara ƙungiya, kana a watan Yuli na 1969 aka ƙaddamar da ita a Turfloop da sunan SASO, ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Kudu, aka zaɓi Biko shugabanta na farko yana da shekara 22.

Aikin da ya biyo baya ba shi da armashi a idon mai kallo, amma shi ne ginshiƙin komai. Tsarin SASO shi ne majalisar ɗaliban kowace kwaleji ta shiga a madadin ɗalibanta, inda kuma babu majalisa a buɗe reshe. Ke nan sai an ci muhawara a kowace haraba ɗaya bayan ɗaya, kuma sai masu ra'ayin ƙungiyar sun ci zaɓen majalisa. A Fort Hare ɗalibai sun yi shekaru suna ƙin zaɓen majalisa, don kada ta zama karen farautar hukuma. A makarantarsa ta Durban ma akwai masu ganin ƙungiyar baƙar fata zalla ba ta da bambanci da abin da gwamnati ke wa'azi a kai, na kowa ya zauna da irinsa. Wannan zargi mai nauyi ne, kuma ba na banza ba, domin ita kanta gwamnatin da fari ta yi murna, tana tsammanin yaran sun rungumi manufarta. Biko ya bi kwalejojin nan yana zama da ɗalibai har tsakar dare. Waɗanda suka zauna da shi sun shaide shi da son raha da iya sauraro, da kuma dabarar barin mutum ya kai kansa ga matsayar da shi Biko ya riga ya hango. Don kada a tsorata masu ɗari-ɗari, a shekarar farko SASO ta ci gaba da amincewa da NUSAS a matsayin ƙungiyar ƙasa. Sai a taron Yuli na 1970, bayan ƙafarta ta kafu, ta janye wannan amincewa.

A cikin gida ma an sha gardama a kan wane ne baƙar fata. Wasu, irin su abokinsa Aubrey Mokoape wanda ya fito daga gidan PAC, suna ganin 'yan asalin Afirka kaɗai ake nufi. Biko ya tsaya a kan cewa duk wanda doka ta danne saboda launinsa, kuma ya yarda ya tsaya tare da 'yan'uwansa, baƙar fata ne, ko Ba'indiye ne ko ɗan ruwa biyu. Ra'ayinsa ya yi rinjaye, ƙungiyar kuma ta yi watsi da kalmar da hukuma ke kiransu da ita, mai ma'anar waɗanda ba farare ba, bisa hujjar cewa ba a auna mutum da abin da bai zama ba. Gwamnati ta raba kwalejoji don ta raba kawuna, sai ga ƙungiya ɗaya ta ɗinke su.

A wannan taro na 1970 ne ya yi abin da ba kasafai ake gani ba a siyasar ɗalibai, balle ta manya. Yana da farin jinin da zai sake cin zaɓe ba wahala, amma bai nema ba. Aka zaɓi Barney Pityana, shi kuma ya koma kula da wallafe-wallafen ƙungiyar. Dalilinsa biyu ne: kada ƙungiya ta rataya a wuyan mutum ɗaya, kuma kada 'yan sandan ciki su gane kan da za su sare. Ƙungiyar ta riƙa shirya tarurrukan horar da shugabanni, ta yadda ko an kama sahun gaba akwai na baya. A mujallar ƙungiyar ya riƙa rubutu da sunan aro, Frank Talk, inda ya shimfiɗa aƙidar da aka san shi da ita ta farkar da baƙar fata. Gundarinta shi ne cewa mulkin danniya ya fi ƙarfi a cikin zuciyar wanda aka danne, ranar da ya yarda shi ƙasƙantacce ne, saboda haka matakin farko na 'yanci shi ne mutum ya daina raina kansa, ya daina jiran wani ya yi magana a madadinsa. Ya karanta Frantz Fanon da Aimé Césaire da marubutan baƙar fatan Amurka, amma da misalan unguwa yake bayani.

Sauka daga kujera ba ta rage masa iko ba, kuma a nan akwai abin dubawa. A taron Yuli na 1972 a Hammanskraal, shugaban ƙungiyar na lokacin, Temba Sono, ya yi jawabin buɗe taro inda ya nemi a sassauta, a yi hulɗa da shugabannin yankunan ƙabilu da gwamnati ta ƙirƙira. Bai shawarci kowa ba kafin ya faɗa. Nan take Biko ya kawo ƙudurin nesanta ƙungiyar daga jawabin, kafin taron ya watse kuma an tuɓe Sono an kore shi. Masu yabo suna cewa wannan ya nuna shugaba bai fi majalisa ba. Ana kuma iya cewa ƙungiyar da aka kafa don kowa ya faɗi ransa ta kasa haƙuri da jawabi ɗaya. Haka nan mata 'yan ƙungiyar, irin su Mamphela Ramphele, sun bayyana daga baya irin wuyar da suka sha kafin a saurare su a zauren da maza suka cika.

Shekarar 1972 ita ce ta nuna ƙarfin abin da aka gina. A watan Afrilu, a bikin ba da digiri na Turfloop, tsohon shugaban majalisar ɗalibai Onkgopotse Tiro ya tsaya gaban manyan baƙi ya soki tsarin ilmin da aka tsara wa baƙar fata, har ya nuna yadda Turawa suka cika kujerun gaba alhali iyayen masu karɓar digiri suna waje. Aka kore shi. Ɗalibai suka ƙi shiga aji, hukuma ta sallami fiye da dubu, sai yajin ya bazu zuwa sauran kwalejojin. Tiro ya koma koyarwa a makarantar Morris Isaacson da ke Soweto, inda Tsietsi Mashinini, wanda ya jagoranci boren 1976, yake cikin ɗalibansa. A watan Fabrairu na 1974 wani ƙunshin bam da aka aika masa ya kashe shi a Botswana.

Shi kuwa Biko, karatu ya riga ya sha kashi. Bayan shekara shida bai wuce aji uku ba, a 1972 makarantar ta sallame shi, abin da ya zama babban rashi ga uwar da ta yi wahala da unguwar da ta sa rai za ta sami likita. A shekarar ne aka kafa BPC don kai aƙidar wajen harabar jami'a, shi kuma ya kama aiki da wata hukumar ayyukan taimakon kai da kai ta baƙar fata a Durban. A farkon 1973 gwamnati ta farga. Ta sa wa shugabannin SASO da BPC takwas takunkumi, ta haɗa da na NUSAS takwas. Aka mai da Biko King William's Town, aka hana shi fita daga gundumar, aka hana shi zama da fiye da mutum ɗaya a lokaci guda, aka kuma hana jaridu buga maganarsa. A cikin wannan ƙangi ya buɗe ofis a wani tsohon coci, ya jagoranci gina asibitin Zanempilo a ƙauyen Zinyoka wanda ya fara aiki a 1975 da Dokta Ramphele a matsayin likita, ya kuma kafa asusun Zimele don tallafa wa iyalan fursunonin siyasa.

A watan Satumba na 1974 SASO da BPC suka kira gangami a Durban da Turfloop don taya FRELIMO murnar nasararta a kan Fotugal a Mozambik. Aka yi kame mai yawa. Cikin waɗanda aka tsare a Turfloop har da wani ɗalibin lauya, Cyril Ramaphosa, wanda ya yi wata 11 a tsare, ya kuma zama shugaban ƙasar a 2018. Aka gurfanar da tara daga cikin shugabannin, aka kira Biko ya ba da shaida a watan Mayu na 1976. Da yake abin da aka faɗa a kotu jarida na iya bugawa, kwanakin da ya yi a akwatin shaida sun zama lacca ga ƙasa baki ɗaya. Wata guda bayan haka, ran 16 ga watan Yuni, 'yan makarantar Soweto suka fito suna ƙin a koyar da su da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Biko bai shirya wannan bore ba, yana can ɗaure da takunkumi, amma yaran da suka fito sun sha daga rijiyar da SASO ta haƙa. An tsare shi kwana 101 a shekarar ba tare da an kai shi kotu ba.

Ran 18 ga watan Agusta, 1977, aka tare shi a wani shingen 'yan sanda kusa da Grahamstown tare da abokinsa Peter Jones. Suna dawowa ne daga Cape Town, inda ya je a ɓoye neman haɗa kan ƙungiyoyin gwagwarmaya. Aka kai shi Port Elizabeth aka ajiye shi tsirara a ofishin 'yan sanda na Walmer. Yana cikin wannan ɗaki ne aka yi babban taron duniya na yaƙi da wariyar launin fata a birnin Ikko, daga 22 zuwa 26 ga watan, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya tare da Nijeriya a zamanin Janar Olusegun Obasanjo. Ran 6 ga watan Satumba aka kai shi ɗaki mai lamba 619 a benen Sanlam don tambayoyi, inda aka yi masa dukan da ya taɓa ƙwaƙwalwarsa. Likitocin gwamnati biyu, Ivor Lang da Benjamin Tucker, sun duba shi a ɗaure da mari, suka ƙi faɗin gaskiyar abin da suka gani. Ran 11 ga wata aka jefa shi bayan mota Land Rover, tsirara, ba ya cikin hayyacinsa, aka yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 da shi zuwa Pretoria. Washegari ya cika.

Ministan shari'a Jimmy Kruger ya fara da cewa yajin cin abinci ne ya kashe shi. Donald Woods, editan jaridar Daily Dispatch kuma amininsa, da wata matashiyar 'yar jarida ta Rand Daily Mail, Helen Zille, suka tona cewa rauni ne a ka. Mutane wajen 20,000 suka halarci jana'izarsa ran 25 ga watan Satumba. Ran 19 ga watan Oktoba gwamnati ta haramta SASO da BPC da sauran ƙungiyoyin da ke bin aƙidar, ta rufe jaridar The World. Ran 4 ga watan Nuwamba Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 418, wanda ya wajabta wa ƙasashe daina sayar wa Afirka ta Kudu makamai. A binciken da aka yi a Pretoria, lauyan iyalinsa Sydney Kentridge ya warware zancen 'yan sandan ɗaya bayan ɗaya, amma majistare ya yanke cewa ba wanda za a kama da laifi. Sai a 1985 aka soke sunan Tucker daga rajistar likitoci. Bayan faɗuwar mulkin wariya, 'yan sanda biyar sun nemi afuwa a gaban Hukumar Gaskiya da Sasantawa, aka hana su, amma ba a gurfanar da ko ɗaya ba. A watan Satumba na 2025 aka sake buɗe binciken mutuwarsa.

A fagen ɗalibai kuwa, ƙungiyar da ta gaji SASO a jami'o'i ita ce AZASO, wadda aka kafa a 1979. Ba ta daɗe ba ta karkata ga ra'ayin ANC na tafiya da kowane launi, a 1986 kuma ta sauya suna zuwa SANSCO. Duk da haka ta ci gaba da zama ƙungiyar baƙar fata mai cin gashin kanta, tana ƙawance da NUSAS daga nesa. Sai a watan Satumba na 1991 su biyun suka narke suka zama ƙungiya ɗaya mai suna SASCO, wannan karon baƙar fata ne masu rinjaye. A Jami'ar Rhodes da ke Grahamstown aka yi taron haɗewar.